Motar da ke fizga gefe in an taka birki: ina cutar take?

Wata Laraba bayan la'asar ina kan Titin Zariya a Kano, na baro Na'ibawa na nufo cikin gari, sai wani mai adaidaita sahu da ke gabana ya hango fasinja, ya yanke ya tsaya ba sigina ba komai. Na danna birki iya ƙarfina. Motar ta rage gudu, amma ba a miƙe ba. Sitiyari ya fizge a hannuna, kan motar ya karkata hagu, saura ƙiris in goge wata bas da ke tafe a ɗaya layin. Allah ya kiyaye. Da na samu gefen hanya na faka, sai da na ɗauki lokaci kafin in iya ci gaba, ƙafata sai rawa take.

Ba ranar abin ya fara ba. Ya fi wata biyu ina jin tana ɗan ja hagu duk sanda na taka birki, ni kuma na saba tallafe ta da sitiyari, har hannuna ya koyi yin hakan da kansa. A cunkoson Kantin Kwari ko na Bata, inda mota ke tafiyar hawainiya, ba abin da za ka ji. Sai ranar da ka nemi birkin da gaske zai nuna maka halinsa.

Duk wanda na gaya wa, amsarsa ɗaya ce: je ka yi alayimen, wato saita ƙafafun mota su miƙe daidai. Na je har sau biyu, a wurare daban-daban, na biya kuɗina, motar ba ta fasa ja ba. Daga baya aka yi mini kwatancen garejin wani dattijon bakanike. Bai taɓa motar ba sai da ya tambaye ni: "Alhaji, kana cikin tafiya take ja, ko sai ka taka?" Na ce, "Baba, sai na taka." Ya ce, "Ina take yi?" Na ce hagu. Sai ya juya wajen yaronsa ya ce, "Ɗauko jak, kwance mini tayar dama."

Na ce, "Baba, hagu fa na ce." Ya ce ai ya ji, shi ya sa.

Tambayarsa ta farko ita ce ta raba gardama. Motar da ke ja gefe kana tafiya ƙafarka ba ta kan birki, wannan ana neman cutarta a iskar taya, ko a tayar kanta, ko a alayimen. Wadda kuwa ke tafiya sak, sai an taka birki ta karkace, to ƙafafunta biyu ne ba sa kamawa da ƙarfi ɗaya, ko kuma wani abu a ƙasan motar yana goce wa mazauninsa in nauyi ya hau kansa. Na'urar alayimen tana auna mota ne tana tsaye, ba wanda ya taka birki. Ta yaya za ta ga abin da ba ya fitowa sai an taka?

Dalilin kwance tayar dama kuwa, duk wanda ya taɓa kallon ɗan garuwa yana tura kurarsa ya san shi. In tayar hagu ta ci karo da dutse ta tsaya, ta dama ta ci gaba da juyawa, kurar hagu za ta juya, wato wajen ƙafar da ta tsaya. Mota ma haka take. Tana bin ɓangaren da birkinsa ya fi kamawa. In ta yi hagu, sau da yawa hagun lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi, daman ne ya yi sanyi ya bar wa ɗan'uwansa aikin shi kaɗai. Direbobi da yawa, har da wasu kanikawan, nan suke barin jaki su daki taiki, su canza kayan hagu masu kyau su bar mai laifin.

Yadda birkin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ƙafarka tana tura fistan a cikin masta, wato famfon birki, masta ya matso man birki, man ya bi ta fayif na ƙarfe har kusa da kowace taya, daga nan ya shiga wani gajeren tiyo na roba, domin taya tana hawa tana sauka tana juyawa, ƙarfe ba zai iya bin ta ba. Tiyon ya kai man cikin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad, waɗannan 'yan falalen da ke gogar ƙarfe su tsayar da taya, man ya turo fistan ɗin kalifa, shi kuma ya matse fad guda biyu a jikin dis, wannan faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Mai ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka ƙarfin da ya isa ƙafar hagu shi ya kamata ya isa ta dama, a lokaci guda. Kuma da yake nauyin mota gaba yake zubowa in an taka birki, ƙafafun gaba su ke ɗaukar mafi yawan aikin, su ne kuma ke haɗe da sitiyari. Shi ya sa ɗan bambanci kaɗan a gaba yake isowa hannunka nan take.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a fara da taya, don ita ce mafi araha. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana jan mota wajenta, kuma birki yana ƙara fito da jan. Yawan iskar da motarka ke so yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba, galibin ƙananan motoci tsakanin 30 ne zuwa 35 a ma'aunin PSI na geji. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Kada ka yarda mai faci ya buga tayar da ƙarfe ya ce ta yi, ka sa ya ɗora geji kana gani, kuma da safe kafin tayar ta ɗau zafi. Sannan ka dubi tayoyin gaba su biyun. Mu da ke sayen tayar gwanjo ɗai-ɗai, ba wuya ka tarar ta hagu mai zane ce, ta dama ta suɗe kamar tafin hannu, ko kamfaninsu da girmansu ma ba ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne: a musanya su, ta hagu ta koma dama. In jan ya sauya gefe, an kama ɓarawon.

A tuna kuma tituna ana gina su da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare gefe. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, gangaren layinmu dama yake kallo, don haka in mota ta ɗan zame dama a hankali a kan wani titin, ba lalle cuta ba ce. Fizga ita ce abin tsoro.

Yanzu sai kalifa, inda galibin wannan matsala take kwana. Irin wadda ke kan yawancin motocin da muke hawa, Corolla da Civic da Golf da sauransu, fistan ɗaya gare ta, a ɓangaren ciki. In ya tura fad na ciki, sai jikin kalifar gaba ɗaya ya zame a kan wasu ƙusoshi guda biyu, waɗanda kanikawa ke ce wa fin, ya janyo fad na waje. Wato sai fin ɗin nan suna shiga suna fita sumul kafin fad biyun su kama tare. Kowane fin yana da 'yar rigar roba mai naɗe-naɗe da ke riƙe giris a ciki, ta hana ƙura da ruwa shiga. Fistan ma yana da tasa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yanayin Kano ba ya raga wa roba. Zafin bazara da ke haura digiri 40 ya busar da ita ta tsattsage. Ƙurar hunturu ta shiga ta gauraye da giris ya zama kamar taɓo. Damina ta zo, a watan Agusta mu riƙa kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi har rabin taya, ruwan ya samu ƙofa a buɗe. Ga masu wankin mota da injin feshi suna saita shi kai tsaye cikin rim. Daga nan sai tsatsa.

Abin da Baba ya nuna mini ke nan a ƙafar dama. Ya kwance kalifar, ya miƙo mini ya ce in ja fin na sama. Ya fito salin-alin, da ɗan maiƙo a jikinsa. Ya ce in ja na ƙasa. Na ja, na murɗa, ko motsi. Sai da yaron ya sa filaya ya yi ta jijjiga shi sannan ya fito, ja wur da tsatsa, a bushe ƙayau, robarsa ta yage gida biyu. Sai ya jera mini fad ɗin ƙafafun gaba biyu a kan murfin but. Na hagu su biyun kaurinsu ɗaya. Na dama kuwa, na ciki ya cinye ya karkace, gefe guda ya kusa kai ƙarfe, na waje yana nan kamar jiya aka sa shi. Ya ce, "Ka ga, da rabin birki kake yawo a wannan ƙafar."

Tun daga ranar nake ganin bai kamata mai mota ya bar tsohon fad a gareji bai duba shi ba, don labarin birkin duk yana rubuce a jikinsa. In na ciki da na waje sun bambanta sosai, ko ɗaya ya cinye a karkace, a tuhumi fin, ko kuma fad ɗin ya maƙale a mazauninsa saboda tsatsa da datti. In na ƙafa ɗaya su biyun sun ƙare alhali na ɗaya ƙafar suna da sauran rai, to fistan ne ba ya komawa, ko kuma na ɗaya ƙafar ne ba sa aiki sam. In fuskarsa tana sheƙi kamar gilashi, ya sha zafin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai wani salon da ke rikita mutane, kuma shi ne inda misalin kurar ɗan garuwa yake buƙatar ƙari. Wani lokacin kalifa tana maƙalewa ne a kame, ka ɗaga ƙafa amma ba ta saki ba. Sai motar ta riƙa ja wajen wannan ƙafar kana cikin tafiya, ta yi nauyi, ta ƙara shan mai. In tafiyar ta yi nisa, fad ɗin ya yi zafin da ba ya iya kamawa, sai ka taka birki ta fizga ɗaya gefen. Direba ya ce da safe dama take yi, da rana hagu, a rasa gane kanta. Hanyar kama wannan ita ce a yi tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya, a kai bayan hannu kusa da kowane rim. Kusa kawai na ce, kada a taɓa dis, yana iya saɓule fatar yatsa. Ƙafar da ke huci fiye da 'yar'uwarta, ko take ƙauri, ko rim ɗinta ya fi yin baƙi da garin fad, ita ce. A ɗaga ta a jak a juya da hannu, za a ji ta riƙe.

Amma ko an samu ƙafar a riƙe, kada a yi saurin yanke wa kalifa hukunci, domin tiyon roba ma yana yin wannan aika-aikar, kuma shi mugun ɓoye laifi gare shi. Daga waje za ka gan shi lafiya, alhali cikinsa ya ruɓe, wani ɓallin roba ya ɗago ya zama kamar murfi. Ƙarfin ƙafarka zai iya tura mai ya wuce, amma man ya kasa dawowa, birki ya zauna a kame. Ko kuma hanyar ta ƙuntata, man ya riƙa isa a makare, sai motar ta fizga a farkon takawa, bayan daƙiƙa ɗaya ta dawo daidai. Wanda ya ji irin wannan fizga-ta-saki, ya fara tunanin tiyo. Bambance laifin tiyo da na kalifa ba ya cin ko sisi: a taka birki a saki, in tayar ta riƙe, a sassauta ɗan notin nan na jikin kalifa da ake yin bilidin, wato fitar da iska daga birki, ta cikinsa. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, man ne aka tare a hanya, kalifar ba ta da laifi. In an buɗe tana nan a riƙe, to kalifar ce. Abin da ke saurin kashe tiyo kuwa a garejinmu ake yinsa: a kwance kalifa a bar ta tana reto a jikinsa maimakon a rataye ta da waya, ko a danne shi da filaya mai haƙora.

Maiƙo a kan fad shi ma yana kashe ƙafa guda. Robar shaf, sandar da ke juya taya, in ta fashe tana watsa giris ko'ina a cikin rim, kalifa mai yoyo kuma tana jiƙa fad da man birki. Fad yana tsotse mai, wanke shi da fetur ko ƙona shi a wuta ba ya mayar da shi yadda yake, canzawa ake yi bayan an toshe inda maiƙon ke fitowa. Haka nan sa fad na kamfani ɗaya a hagu, na wani a dama, ko canza ƙafa ɗaya a bar ɗaya don a rage kuɗi. Wannan da hannunka ka sayi jan. Dis kuwa an fi saninsa da sa feda da sitiyari karkarwa, amma in ɗaya ya yi kwari-kwari ko ya sha tsatsa, yana rage kamu. Akwai iyakar sirantar da aka yarda ya kai, a rubuce take a jikinsa, in ya wuce ta ba a kai shi wajen mai injin gogewa.

Ruwa ma yana sa ja na ɗan lokaci. In ka fito daga kududdufi, ka ɗan ɗora ƙafa a kan birki kana tafiya a hankali har ya bushe, kafin ka ƙara wuta.

Game da man birki, abin da na ga mutane ba su damu da shi ba shi ne yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 sai ya haura digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma in sun sha ruwa abin yana saukowa wajen 140 da 155. Ruwan nan kuma shi ke cin fistan da tsatsa ta ciki, inda ba robar da za ta kare shi. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a zubar a sa sabo duk shekara biyu. Mu kuwa sai dai ciko, har man ya koma baƙi kamar shayin da ba madara. Nau'in da motarka ke sha yana rubuce a murfin robar man. Kada a kuskura a zuba man giya ko baƙin mai a ciki, ko da a kan hanya aka maƙale, domin suna kumbura duk wata roba da ke cikin birkin. Wani abin kuma, yawancin ƙananan motoci an raba layin birkinsu gida biyu a gicciye, gaban hagu da bayan dama layi ɗaya, gaban dama da bayan hagu layi ɗaya. In iska ta shiga layi guda ko ya yi yoyo, feda za ta yi laushi ta nutse, motar kuma ta ja. Ja tare da feda mai nutsewa ba na "bari sai Asabar" ba ne, a ajiye motar.

Wannan ya kawo ni kan wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Fayif ko silindar ƙafa ɗaya ta yi yoyo, sai a naɗe fayif ɗin a daddake, ko a cusa ƙusa a toshe, a ce "ka lallaɓa da uku." A ce don a fitar da mota daga daji zuwa gari ne, a hankali, da sauƙi. Amma akwai motocin da ke shekara a haka, har da masu ɗaukar fasinja. Duk mai sayen motar hannu ya sa a leƙa masa ƙafafun nan huɗu a tabbatar mai yana isa kowacce.

Birkin baya ma yana ja, sai dai salonsa daban: sitiyari ba ya fizgewa, gindin motar ne za ka ji yana son gocewa. A masu diram a baya, wato birki mai kama da kwano maimakon dis, a duba silinda mai yoyo, da layinin, wanda shi ne fad ɗin diram, da aka ɗaure ɗaya ya fi ɗaya, da wayar birkin hannu da ta maƙale. Na'urar ABS, wadda ke hana taya kullewa in an danna birki da ƙarfi, takan jawo shi jefi-jefi, amma ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma, kuma da kwamfuta ake bincikarta, ba a cire fiyus a rufe fitilarta.

In an bi birki kaf ba a samu komai ba, sai a gangara ƙasan mota. Bushin ɗin lowa am, robar nan da ke riƙe ƙafa a mazauninta, in ramukan unguwa da tudun rage gudu sun cinye ta, da ka taka birki sai ƙafar ta ja baya ta buɗe, motar ta bi ta. Alamarsa wani ɗan "ƙwas" a farkon takawa, da sitiyari da ke juyawa da kansa. Bol join da tayirod, mahaɗan da ke riƙe ƙafa da haɗa ta da sitiyari, in suna lilo haka suke yi, shokazoba da ta mutu a gefe guda ma tana sa mota ta durƙusa ta wannan gefen. Nan ne alayimen yake da gurbi, bayan an canza abin da ya mutu. Wanda aka yi a kan mataccen bushin, kafin ka kai shataletalen farko ya warware.

Wajen gyara, abin da aka yi wa hagu a yi wa dama. Fad saiti guda na ƙafa biyu, dis biyu, tiyo biyu, tunda shekarunsu ɗaya. Kalifar da fistan ɗinta bai rarake ba ana iya wanke ta a sa mata sababbin robobi. In tsatsa ta yi masa ramuka, goge shi da samfefa ba ya hana shi yaga sabuwar roba, gara a sauya. Wanda zai shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa neman ta Beljiyam, ya tafi da tsohuwar a hannu, ya gwada fin da fistan a gaban mai kaya, ya kuma lura ta hagu daban take da ta dama: notin bilidin sama yake kallo, in an juya su iska ba za ta taɓa fita duka ba. Fin kuma ba a shafa masa giris ɗin boris, yana kumbura robar, cikin 'yan watanni a koma gidan jiya. Akwai nasa na musamman, mai silikon. Araha ba ta ado a kan fad, marar kyau yana ƙara, yana cin dis, yana saki in ya ɗau zafi.

A tawa motar, fin biyu aka canza da robobinsu, aka wanke na hagu aka sa musu giris, aka sa fad saiti guda, aka zubar da tsohon mai aka yi bilidin ƙafa huɗu. Kuɗin bai kai abin da na yi tsammani ba. Da aka sauke ta daga jak na shiga zan tayar, Baba ya dafa ƙofa ya ce, "Alhaji, bugi feda tukuna har ta yi tauri." Bayan an canza fad, takun farko ƙasa yake tafiya ba ya kama komai, sai an buga sau da yawa fistan ya dawo ya tarar da fad.

Muka fita tare zuwa wani miƙaƙƙen titi da ba kowa. Ya sa na kai gudun kilomita 40 a awa, na sassauta riƙon sitiyari ba tare da na saki ba, na taka a hankali. Muka sake a 60 da ɗan ƙarfi, sau biyar ko shida, muna barin tazara tsakani don fad ya zauna a kan dis ba tare da ya ƙone ba. Ta tsaya a miƙe kowane karo. Da muka dawo ya zagaya ya kai hannu kusa da rim na hagu, ya kai na dama, ɗuminsu ɗaya. Ya ce in kauce wa birkin gaggawa na 'yan kwanaki in dai ba dole ba, in kuma dawo bayan damina a sake buɗe fin ɗin a gani.